Littafin Damben Koci Bitrus

Duk wanda ya zo shagona a Limawa da sunan koyon zane, aikin da nake fara ba shi guda ne: ya zana min mutum a tsaye. Sai ka ga yaro ya yi murmushi, a ransa yana cewa tsohon nan ya raina shi. Kafin in shanye shayina ya miƙo takarda. Fuska ta fita, har da gashin gira da agogo a hannu, amma mutumin ba a ƙasa yake ba, lilo yake yi, da akuya za ta goge shi sai ya kife. Ku yaran yanzu kuna da waya, kuna da kwamfuta, ku danna abu hoto ya fito, shi ya sa kuke ganin sana'ar nan wasa ce. Ni kuwa sai da furfura ta fara fito min sannan na iya tsayar da mutum a takarda, kuma wanda ya koya min ɗan dambe ne, bai taɓa riƙe burushi ba. Amma bari in ɗauko muku daga tushe.

A Sabon Gari na yi koyo, wurin wani Bayerabe da ake kira Oga Sunday, wanda jirgin ƙasa ya kawo shi Minna yana saurayi, bai kuma sake komawa ba. Na daɗe a shagonsa ban taɓa allo da sunan aiki ba. Nawa shi ne wanke burusai da kananzir, da goge katako da samfefa, da dama fenti, da riƙe masa bakin zare idan zai fitar da layi. Zaren nan alli ake shafa masa, a ja shi a kan allo, a ɗaga tsakiyarsa a sake, sai ya bar farin layi miƙaƙƙe, a kansa haruffa ke zama. Muna rubuta allunan teloli da masu kemis da masu gyaran rediyo, muna zana kawuna a ƙofar masu aski, muna zana zakuna da dawisu a bayan manyan motoci. Oga yana da wani tsagin madubi a jikin bango. Idan ka gama aiki kana jin kanka, sai ya ce je ka nuna wa madubi. Karkatar da idonka ya saba da ita har ya daina gani, madubi zai juyo maka da ita ka gan ta ƙuru-ƙuru. Har yau akwai irinsa a shagona, kun sha ganin ina ɗaga masa takarda.

Allon farko da aka sakar min ni kaɗai na wani mahauci ne da ke son a zana masa bijimi. Na ba shi tozo, na ba shi ƙahonni, na sa masa ƙiba har tana sheƙi. Mun jingine shi a waje yana shan iska, sai ga wata mai nono ta sauke ƙwaryarta ta tsaya tana kallo. Can ta ce da Oga, "Baba, wannan naman kada ku ci, ba shi da lafiya." Oga ya tambaye ta dalili, ta nuna ƙafar baya, ta ce ta lanƙwashe ta inda ƙafar saniya ba ta lanƙwasawa. Oga bai zage ni ba. Fensir ya miƙo min da tsofaffin takardu, ya ce in tafi kasuwar shanu in zauna da su sai mun saba. Na yi ta zuwa ina zama cikin ƙuda da kashin shanu har dillalai suka fara yi min tayin maraƙi. Mahaucin ya yi ta mita saboda jinkiri, amma allon ya fi shi daɗewa a wannan rumfar.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda injinan buga fosta suka cika gari. Aikin da zan kwana biyu a kansa, inji zai fitar da shi kafin mai shi ya gama amsa waya, da launi, da hoton fuskarsa yana dariya. Lokacin na riga na buɗe shagona, ina da iyali. Sai in wuni ban buɗe gwangwanin fenti ba, har fata ta kama samansa. Abokan sana'a da yawa suka ajiye burushi suka kama tuƙin keke, ban kuma ga laifinsu ba. Ni na bi makarantu masu zaman kansu ina zana musu haruffa da taswira a bango, na rubuta lambobin gidaje, na rubuta sunayen mamata a kan gicciyen katako ga mutanen coci. A ƙarshe masu ƙananan maɗaba'u suka fara ba ni zanen cikin littattafan firamare da takardun asibiti: yaro yana wanke hannu, uwa tana ɗaura gidan sauro. A nan na ajiye fenti na koma baƙar tawada da alƙalami mai tsini da farin kwali. Abin bai kai na da ba, amma tukunya ta ci gaba da hawa wuta.

Ina cikin irin wannan aikin wata safiya wani dattijo ya toshe min ƙofar shago. Gajere ne, wuyansa da kansa kaurinsu ɗaya, hancinsa a baje. Ya ce sunansa Bitrus, amma duk Chanchaga Koci ake ce masa. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a can ya koyi damben zamani, wanda ake yi da safa a hannu biyu cikin igiya, kuma tun da ya bar aiki yake koyar da samari a bayan gidansa.

Ya ce, "Kai ne mai zane? Littafi nake so mu yi. Magana ya riga ya gama, 'yata Saratu ta rubuta da Hausa. Saura mutane."

Na ce ai abu ne mai sauƙi, ya kawo min hotuna in kwafa.

Ya ce, "Malam Sule, likita ya ce idona yana tafiya. Magani yana rage masa gudu ne kawai. Ina so in duba kowane zane da kaina kafin ya tafi, don idan zane ya yi ƙarya, ba ni zan sha duka ba, yaro ne a ƙauye."

Washegari na hau keke na tafi Chanchaga. Wurin horon nasa gindin mangwaro ne, da buhun yashi da aka ɗinka da tamfol, da tsofaffin tayoyi, da igiyoyin tsalle. Ya jawo wani akwatin ƙarfe ya buɗe min. Littattafan dambe ne na Turanci da ya yi ta tsinta wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi, wasu gara ta ci gefensu, wasu ba bango. Ya ce littattafan dambe iri biyu ne. Akwai na labarin zakaru, yadda wane ya tashi cikin talauci ya kayar da wane, waɗannan su ne ke sa yaro ya so dambe. Akwai kuma na koyarwa, waɗanda ke sa yaro ya tsufa da haƙoransa, kuma su ne ba wanda ya damu ya rubuta da harshen da yaranmu ke ji. Samari suna zuwa masa daga ƙauyuka lokacin hutu, su yi ɗan abin da suka yi su koma, can kuma su zama malaman wasu. Sauran iliminsu daga waya suke samu, ita kuwa waya wurin da aka kayar da mutum kawai take nunawa. Shi littafinsa daga ƙafa zai fara, sai kare fuska, duka sai can baya.

Na san abin da za ku tambaya, don ni ma na tambaye shi: me ya hana a ɗauki hoto kawai? Shi ya fi ni sanin amsar. Littafi irin wannan guda ɗaya ke isa ƙauye, daga nan sai fotokwafi, a kwafi kwafin, a sake kwafar wancan. Hoto idan ya sha wannan wahalar dunƙulen baƙi yake komawa, ba ka bambance hannu da bango. Layin tawada kuwa ko an kwafe shi har an gaji yana nan. Sannan hoto ba ya zaɓe, zai nuna maka singileti da kaza da bokiti, duk da daraja ɗaya. Mai zane shi ke yanke abin da ido zai fara sauka a kai. Ga shi yaran nan wani Gbagyi ya fi ji, wani Nufanci, wani Turancin buroka, karatun Hausar ma ba kowa ya iya ba. Don haka dole zanen ya yi magana ko da ba a karanta layi ɗaya ba.

Zanen farko da na kai masa shi ne tsayuwa, kuma na sha wuya a kansa, har jijiyoyin dantse na fitar. Ya kai shi kusa da fuskarsa, ya daɗe yana juya kai, don ciwon nasa daga gefe-gefe yake cin gani, sai abin da ke tsakiya yake kamawa.

Ya ce, "Wannan ɗan damben gargajiya ka zana, ka ara masa safa."

Na duba, wallahi gaskiyarsa. Ni da damben mahauta na tashi, tun muna yara muke kutsawa tsakanin ƙafafun manya muna kallo bayan an yi girbi. A can hannun da aka naɗe da kara baya ake ja da shi, ana jiran lokacin sakinsa, ɗayan kuma a miƙa shi gaba a buɗe, ƙafafu a ware sosai. Ga littattafan Koci a gabana, ina kallonsu ina kwafa, amma hannuna abin da ya sani tun yarinta yake yi. Na ja hannun dama baya, na bar haɓa a fili. Na sake wani, na sake wani, kullum sai hannun nan ya sulale ya koma inda ya saba.

Koci ya ce magani ɗaya ne, in tuɓe riga. Ku yi tunanin magidanci da tumbinsa, a gindin mangwaro, an sa masa safa, samari suna ƙunshe dariya. "Haɓa ƙasa. Gwiwar hannu ciki. Dunduniyar baya sama." Duk sanda hannun damana ya bar kumatuna, sai in ji safarsa a goshina, ba da ƙarfi ba, amma daidai inda na buɗe. Mutumin da ke cewa ba ya gani sosai, ban san yadda yake sani ba. Na yi makonni ina zuwa, cinyoyina suna ciwo har sallah sai da dabara. Amma a nan na gane abin da kasuwar shanu ta fara gaya min ban gama ji ba: tsayuwa nauyi ce, kuma sai ka san ƙafar da ke ɗauke da shi sannan za ka iya zana ta. Daga lokacin na canja yadda nake aiki. Ƙafafu nake fara sawa, sai in ja siririn layi da fensir daga ramin wuya zuwa ƙasa in ga inda ya sauka, sai jiki, fuska kuwa ita ce ta ƙarshe, kuma ba na ɓata mata tawada.

Aiki ya miƙa. Muka gama tsayuwa, muka gama takun gaba da na baya, muka shiga kare fuska. Amma idon ya fi mu sauri. Da farko a ɗaki yake dubawa, sai ya koma sai a rana, sai ya koma sai da gilashin ƙara girma. Na riƙa yi masa kwafi na musamman da babban alƙalamin maka, layi kamar yatsa. Kafin damina ta fita wannan ma ya daina yi, ga kusan rabin littafin a gaba. Shi ne ya kawo dabara. Ya ce a ba ɗaya daga cikin samarinsa zanen, ya kalla ya tsaya yadda ya gani, shi kuma ya bi jikinsa da hannu. Haka muka riƙa yi. Ya taɓa haɓa, ya taɓa gwiwar hannu, ya sauka ƙugu, ya durƙusa ya lalubi dunduniya. Idan ya ce ya yi, sai in sa tawada.

Mun wuce shafuka da dama a haka kafin in lura da wani abu. Rannan na kawo zanen da ban ƙarasa ba, ƙafar baya a shimfiɗe take a ƙasa, ban ɗaga dunduniyar ba tukuna. Saurayin ya kalla, ya tsaya, dunduniyarsa a sama cas. Koci ya laluba ya ce ya yi. Na ce, "Baba Koci, yaran nan ba takardata suke bi ba, kai suke bi. Ko kare na zana musu, tsayuwar da ka koya musu za su yi." Ya zauna a kan taya. Duk shafukan da muka wuce da hannu sun zama ba a duba su ba ke nan.

Sai muka shiga neman wanda bai san komai ba, kuma za ku yi mamakin wuyar samunsa. Mai keken da ke kawo ni muka fara gwadawa, ya kalli takarda sau ɗaya ya yi tsayuwar 'yan fim ɗin Sin. Wani maƙwabci ya yi ta mahauta, irin tawa ta da. Kowane namiji a garin nan yana ganin ya iya dambe tun daga ciki, ba mai yarda takarda ta koya masa. Mutum ɗaya ce a duk unguwar ba ta taɓa tsayawa ta kalli dambe ba, ita ce matar gidan, Maman Saratu. Doya take nomawa tana sayarwa, irin matan nan ne da ke ɗaukar kaya a kafaɗa, kullum idan na zo sai ta ajiye min dafaffiyar doya da manja, amma ba ta taɓa tako gindin mangwaron ba. Da Koci ya yi mata maganar, ko juyowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Na wanke jini a rigarka tun muna yara. Yanzu dambe ya cinye maka ido, kuma kana so in taya ka koya wa 'ya'yan mutane? Ba da ni ba."

Ya ce likita bai ce dambe ne ba. Ta ce likita bai zauna da shi ba.

Muka yi kwanaki aiki a tsaye. Rannan na zo da sabon zane, na tarar da shi zaune a ƙofar ɗaki, ya gaji da komai. Ya ce in kawo, yau idon da sauƙi, zai duba da kansa. Na miƙa masa. Ya karɓa, ya ɗaga wa rana, ya yi ta gyaɗa kai. Bayan takardar yake kallo, farin da ba komai a kai. Ya ce, "Ya yi. Sa tawada, mu gama." Na karɓa, tausayi ya hana ni gaya masa. Da na ɗago sai muka haɗa ido da Maman Saratu, tana tsaye da wuƙar fere doya a hannu.

Da na dawo bayan Lahadi, a gindin mangwaro na same ta. Ta ɗaure zani tamau, ta ja shi sama kaɗan.

Ta ce, "Malam Sule, kawo takardan. Har yanzu ba na son damben. Amma ba za a buga ƙarya da sunan mijina ba."

Ban taɓa aiki da alƙali mai tsanani irinta ba. Abin da ke takarda shi take yi, ba ragi ba ƙari. Idan na karkatar da mutumin, za ta karkata har ta yi tangaɗi. Koci zai laluba ya ce, "Maman Saratu, ɗaga dunduniya mana," ta ce, "Takarda bai ce ba." Sai in koma shago da takardata. A wurinta na koyi sa ɗan duhu a ƙarƙashin dunduniya don a san ta bar ƙasa. A wurinta na gane kibiyar da nake zanawa don nuna motsi, wanda bai saba ba yana iya ɗaukarta sanda ce ake jifan mutumin da ita, sai na koma yin ta da ɗigo-ɗigo. Rannan ta rikice a takun gefe, ta ce ita ba ta gane wace ƙafa ke fara tafiya ba, in zana mata sawu kawai kamar na kan kunyar gona. Daga nan kowane shafi na sa masa sawun ƙafa a ƙasa, na hagu fari, na dama baƙi. Muka koma baya muka sake duba duk abin da samari suka wuce da shi, kuma kusan kowanne sai da aka taɓa shi. Shi Koci har ƙiba ya yi a watannin nan, yana laluben gwiwar matarsa yana faɗa, tana ramawa.

Shafin ƙarshe shi ne kaucewa, kuma Koci ya ce saboda shi aka yi littafin. Abokin karawa ya sako hannun hagu kai tsaye zuwa fuskarka, kai kuma ba baya za ka ja ba. Gwiwa za ka sassauta, ka zame kanka gefe kaɗan hannun ya wuce ta gefen kunnenka, ka shige ƙarƙashinsa. Na zana shi hoto-hoto a jere, na sake shi har na daina lissafi. Matsalar ita ce wannan ba tsayuwa ba ce da za a laluba. Motsi ne, kuma ba yadda za a san ya yi sai an kai duka na gaske. Samarin suka ce su dai ba za su iya ɗaga wa Mama hannu ba. Ni balle, matar mutane, ga shi dukan nawa ko kaza ba zai firgita ba. Ya rage sai shi.

Da hantsi ne, ranar ya sallami samarin. Ta zauna a kan turmi da takardar a cinya, tana bin hotunan da yatsa, ta tashi ta gwada, ta koma ta zauna. Ni na ɗaura masa tsohuwar safarsa. Ta zo ta tsaya a gabansa, haɓa ƙasa, hannuwa a kumatu. Ya miƙa safar a hankali har ta taɓa goshinta, don ya san nisan, sannan ya janye.

Na farkon da ya sako, da tsohuwa ce ke miƙa wa jikanta ƙosai da ta fi shi sauri. Ko motsi ba ta yi ba, safar ta zo ta tsaya a gaban hancinta.

Ta ce, "Baban Saratu, yaran da za su karanta, haka za a buge su?"

Ya ce, "Tun da na aure ki ban taɓa ɗaga miki hannu ba."

Ta ce, "Yau ma ba za ka same ni ba, in dai Malam Sule bai yi ƙarya ba."

Ba zan ɓoye muku ba, tsoro ya kama ni sosai. Na zana abubuwa da yawa a duniya, idan na kuskure sai dai a yi dariya ko a sa ni in sake. Yau fuskar baiwar Allah ce a gaban zanena, ga dattijo da wuyansa kamar turmi. Na so in ce a bari in ƙara dubawa, amma na makara. Koci ya sake auna goshinta. Ya gyara ƙafa, ya sauke haɓa, sai na ga tsufan ya bar jikinsa. Ya saki hannun.

Ban ga tafiyarsa ba, ƙarar safar kawai na ji ta goge ɗankwalinta. Ya tsaya da hannu a miƙe cikin iska, ba kowa a gabansa.

Ya ce, "Ina take?"

Ta ce, "Ga ni nan, inda takarda ya ce in tsaya."

Tana ƙarƙashin hannunsa, gwiwa a sassauce, kanta dab da hammatarsa. Ya cije igiyar safar dama ya zare ta, ya kai hannu ya lalubi kanta, ya lalubi kafaɗa, ya gangara zai nemi gwiwa.

Ta ce, "Tsaya tukuna, ban gama ba. Akwai sauran hoto ɗaya."

Ni da na zana shi har na manta. Hoton ƙarshe shi ne ramuwa a haƙarƙari. Ta juya ƙugu yadda ɗigo-ɗigon ya nuna, ta zuba masa dunƙulen mai noman doya a gefen ciki. Koci ya yi baya ya zauna daɓas a kan taya, yana tari yana dariya, hawaye na bin fuskarsa. Ta tsaya a kansa tana huci, ba ta ma sauke ɗayan hannun daga kumatunta ba.

Da numfashinsa ya dawo, ya juyo wajen da yake jin motsina, yana dafe da haƙarƙari.

Ya ce, "Malam Sule, sa tawada, ka kai wa masu bugawa. Wannan karon na gani."